Tarihin Raba Rukuni Sahu-Sahu: Daga Euler Zuwa Zamanin Kwamfuta

Duk ɗalibin lissafi da ya kai darasin aljabra mai zurfi a jami'a sai ya haɗu da ƙa'idar Lagrange. Ƙa'idar ba ta da tsawo. Cewa take, idan rukuni yana da mambobi adadi kaza, to yawan mambobin duk wani ƙaramin rukuni da ke cikinsa sai ya raba wancan adadi ba tare da saura ba. Malami kan kafa hujjarta a kan allo cikin layuka kaɗan, ya wuce gaba. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, Joseph-Louis Lagrange ya rasu a 1813 bai san ma'anar rukuni irin ta yau ba. Dabarar da ake kafa hujjar da ita ta riga shi fitowa a hannun Leonhard Euler, kuma sunan da ake kiran ta da shi bai bayyana ba sai 1910. Kusan shekara 150 masana suka yi suna aiki da ita kafin a raɗa mata suna.

Rukuni a wajen masana lissafi tarin abubuwa ne da ke da hanyar haɗa biyu su ba da na uku, wanda shi ma yana cikin tarin. Akwai sharuɗɗa. Dole a sami mamba ɗan ba-ruwana, wanda in an haɗa shi da kowa ba ya sauya komai. Dole kowane mamba ya kasance da mai warware shi. Sannan in za a haɗa uku a jere, ko an fara da biyun farko ko da biyun ƙarshe, amsa ɗaya ce. Cikakkun lambobi, da na sama da sifili da na ƙasa da shi, rukuni ne idan tarawa ake yi: sifili ne ɗan ba-ruwana, kuma -5 ce ke warware 5.

Ƙaramin rukuni kuwa wani yanki ne na rukunin da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi kaɗai. Lambobin da 7 ke rabawa, wato 0, 7, 14, 21 da takwarorinsu na ƙasa da sifili, ƙaramin rukuni ne, domin duk biyun da ka tara, 7 za ta raba amsar. To, ƙara wa kowace 1, sai ka sami 1, 8, 15, 22, 29. Wannan jeri ba rukuni ba ne, tunda babu sifili a ciki, amma fasalinsa ɗaya da na farko, gusar da shi kawai aka yi. Irin wannan jeri shi ake kira koset, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa sahu. Mun saba da shi a kalanda. In 1 ga wata ta kama Juma'a, to 8 da 15 da 22 da 29 duk Juma'a ne, shi ya sa jaririn da aka haifa ranar Talata ake sunansa Talata ta sama. Sahu bakwai sun kwashe dukkan lambobi, babu wadda ta rasa sahu, babu kuma wadda ta shiga biyu.

Euler da lissafin ragowa

A 1640 Pierre de Fermat, wani alƙali a Faransa, ya rubuta wa abokinsa wasiƙa ya ambaci wata ƙa'ida ba tare da hujja ba. Ƙa'idar ta shafi lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1, irin su 5, 7 da 13. Ɗauki 13, ka ɗauki wata lamba da 13 ba ta rabawa, ka jera ta sau 12 kana ninkawa, sannan ka raba amsar da 13: kullum 1 ce za ta saura. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi aiki a Barlin, ya kafa wa ƙa'idar hujja fiye da ɗaya. Wadda ta shafe mu tana cikin takardar da aka buga masa a 1761.

Ga yadda tunanin yake. Fara da 1, ka yi ta ninkawa da 3, kana ajiye ragowa kawai bayan rabawa da 13. Za ka sami 1, 3, 9, sai 27, wadda ragowarta 1 ce. An dawo gida ke nan bayan taku uku. Amma ragowar da ake da su 12 ne, daga 1 zuwa 12. Sai Euler ya ce a ɗauko wadda ba ta fito ba, a ce 2, a ninka ta da waɗannan ukun: 2, 6, 18, wato 2, 6, 5. Sababbi ne duka, kuma uku ne cif. A sake ɗauko 4, a sami 4, 12, 10. Saura 7, wadda ke ba da 7, 8, 11. Sahu huɗu, kowane mai mamba uku, sun ƙare 12 ɗin. Tunda kowane sabon sahu tsawonsa ɗaya da na farko, kuma ba ya taɓa waɗanda suka gabata, dole tsawon sahu ya raba 12. Daga nan ƙa'idar Fermat ta fito da kanta, domin taku 12 zagaye huɗu ne na taku uku-uku.

Wannan ita ce hujjar ƙa'idar Lagrange da ake koyarwa yau, ba ragi ba ƙari, illa dai Euler maganar ragowar lambobi yake yi. A 1801 Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 24, ya fitar da littafinsa Disquisitiones Arithmeticae, inda ya tsara lissafin ragowa ya ba shi alamar ≡ da ake amfani da ita har gobe. Shi ma ya bi ta wannan hanya ta jera sahu.

Lagrange ya tambayi dalili

Zare na biyu ya taso ne daga ikweshan, wato lissafin da aka daidaita ɓangare biyu ana neman lambar da ta ɓuya. Tun ƙarni na 9 al-Khwarizmi ya tsara hanyar warware ikweshan mai mataki biyu a Bagadaza. A Italiya, Scipione del Ferro da Tartaglia suka gano ta mataki uku, Lodovico Ferrari ya gano ta huɗu, Gerolamo Cardano ya buga su duka a 1545. Kowace hanya tarawa ce da ɗebewa da ninkawa da rabawa da cire tushe. Daga nan aka yi cirko-cirko. Fiye da shekara 200 manyan masana suna gwada mataki na biyar, babu wanda ya dace.

Lagrange haifaffen Turin ne, ya zo Barlin a 1766 ya gaji kujerar Euler. A dogon nazarin da ya gabatar a 1770 da 1771, ya ƙi neman sabuwar hanya. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, a fara gano abin da ya sa tsofaffin hanyoyin suka yi aiki. Amsar da ya samo tana cikin musanya wuraren amsoshin ikweshan ɗin.

Ikweshan mai mataki huɗu yana da amsoshi huɗu: a, b, c, d. Ana iya jera su ta hanya 24. Dubi wannan haɗi: ab + cd. In ka musanya a da b, bai sauya ba. In ka musanya c da d, nan ma haka. In kuwa ka musanya a da c, sai ya koma cb + ad, wani abu dabam. Gwada dukkan musanye 24 ɗin, siffa uku kacal za ka gani: ab + cd, ac + bd, da ad + bc. Musanye 8 ne ke barin siffar farko yadda take, 8 ke kai ta ga ta biyu, 8 ga ta uku. Da yake siffofin uku ne, su kansu amsoshi ne na wani ikweshan mai mataki uku, wanda an riga an san maganinsa. Asirin hanyar Ferrari ke nan. A harshen yau, takwas ɗin farko ƙaramin rukuni ne, sauran takwas-takwas ɗin kuma sahu-sahunsa.

Lagrange ya lura cewa yawan siffofin kowane irin haɗi kullum yana raba jimillar musanyen. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa. Da ya juya ga mataki na biyar, mai musanye 120, sai dabarar ta kai shi ga ikweshan mai mataki shida. An gudu ba a tsira ba.

Paolo Ruffini, likita kuma malamin lissafi a Modena, shi ya fara fitowa fili a 1799 ya ce hanyar da ake nema babu ita. Ya nuna cewa babu wani haɗi na abu biyar da ke da siffa uku ko huɗu. Littafinsa ya wuce shafi 500, akwai giɓi a hujjarsa, kuma 'yan kaɗan ne suka karanta. Ɗan garinsu Pietro Abbati ya aiko masa da wasiƙa a 1802, inda ya jera musanye a tebur layi-layi, ya cike hujjar abin da Lagrange ya lura da shi. Augustin-Louis Cauchy ya faɗaɗa sakamakon Ruffini a 1815. A 1824 wani matashi ɗan Norwe, Niels Henrik Abel, ya buga hujjar da duniya ta karɓa. Da kuɗinsa ya buga ta, shi ya sa ya matse ta a shafi shida. Tarin fuka ya kashe shi a 1829 yana da shekara 26.

Galois: sahun dama da na hagu

Abel ya nuna babu hanya ɗaya da za ta warware kowane ikweshan mai mataki biyar. Amma wasu daga cikinsu suna warwaruwa. Ta yaya za a bambanta? Évariste Galois ne ya amsa. An haife shi a 1811 a Bourg-la-Reine kusa da Paris. Sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga École Polytechnique. Takardar da ya miƙa wa Majalisar Masana Kimiyya ta Paris a 1830 ta ɓace bayan rasuwar sakatarenta, Joseph Fourier. Wadda ya miƙa a 1831 kuma Siméon Poisson ya ce ba a fahimce ta sosai ba. Galois yana cikin matasa masu adawa da sarauta, har ya yi zaman gidan yari. Ranar 30 ga Mayu, 1832, aka harbe shi a ciki a wani fito-na-fito da bindiga, washegari ya cika, yana ɗan shekara 20.

An sha yayata cewa a daren ƙarshe ya ƙago duk iliminsa. Ba haka ba ne, babban aikin yana rubuce tun kafin nan. Abin da ya yi ranar 29 ga Mayu shi ne gyara takardunsa da rubuta wa abokinsa Auguste Chevalier wasiƙar da ta taƙaita bincikensa. A cikinta ya bayyana cewa ana iya raba rukuni sahu-sahu ta fuska biyu, kuma galibi rabon biyu ba sa dacewa.

Me ya kawo fuska biyu? A lissafin Euler, 2 sau 3 daidai yake da 3 sau 2. A musanye ba haka ba ne. Jera a, b, c. Musanya biyun farko, ka sami bac, sannan musanya biyun ƙarshe, ka sami bca. Yanzu koma farko ka sauya tsari: biyun ƙarshe tukuna, acb, sannan biyun farko, cab. Ayyuka iri ɗaya, sakamako dabam. Ɗauki ƙaramin rukuni mai mamba biyu: ko a bar jerin yadda yake, ko a musanya biyun farko. In ka fara da shi, sannan ka bi da musanya biyun ƙarshe, sahun da zai fito shi ne acb da bca. In ka fara da musanya biyun ƙarshe, sannan ka bi da shi, acb da cab za su fito. Sahun dama ya saɓa wa na hagu. Amma ɗauki ƙaramin rukunin juyawa, wato abc, bca, cab. Ta ko'ina ka ɓullo masa, sahu na biyu shi ne ukun da suka rage. Irin wannan, wanda damansa da hagunsa suka dace, shi ne daidaitaccen ƙaramin rukuni.

Galois ya gano cewa kowane ikweshan yana da rukuninsa, kuma cire tushe sau ɗaya yana sauko da rukunin zuwa wani daidaitaccen ƙaramin rukuni da ke cikinsa. Ikweshan zai warwaru da cire tushe idan ana iya saukowa daki-daki har a kai ga 1, kowane mataki daidaitacce ne a cikin na samansa, yawan sahu kuma lamba ce mara rabuwa. A ikweshan mai mataki uku, daga 6 a sauko 3, a sauko 1: sahu biyu, sannan sahu uku. Shi ya sa a hanyar Cardano ake fara cire tushe na biyu, sannan na uku. A mataki na huɗu, 24, 12, 4, 2, 1. A na biyar, daga 120 a sauko 60, sai tsani ya yanke. Rukunin nan mai mamba 60 yana da ƙananan rukunoni da dama, amma babu daidaitacce a cikinsu in ban da shi kansa da ɗan ba-ruwana shi kaɗai. Dunƙulallen rukuni ne. Abin da ya hana masana barci tun 1545 bai wuce nan ba.

An buga wasiƙar Galois a Satumbar 1832, ba wanda ya kula. Sai da Joseph Liouville ya zauna ya karanta takardun, ya sanar da Majalisar ingancinsu a 1843, ya buga su a mujallarsa a 1846.

Rukuni ya tsaya da ƙafarsa

A tsakiyar ƙarni na 19, in an ce rukuni, musanye ake nufi. Arthur Cayley, wanda a lokacin lauya ne a Landan, ya kawo shawara a 1854 cewa a manta da abin da mambobin suke, a riƙe tebur ɗin haɗa su kawai. Shawarar ta daɗe ba ta samu karɓuwa ba. Wanda ya shigar da aikin Galois hannun jama'a shi ne Camille Jordan, wanda ya kafa hujjar ƙa'idar Lagrange ga kowane rukunin musanye a 1861, ya kuma fitar da babban littafinsa a kan musanye a 1870.

Wata tambaya ta biyo baya. Ƙa'idar Lagrange ta ce ƙaramin rukuni sai ya raba babba. To, duk lambar da ta raba babba tana da ƙaramin rukuninta? A'a. Rukunin nan mai mamba 12 da ya fito a tsanin mataki na huɗu ba shi da ƙaramin rukuni mai mamba 6. Cauchy ya nuna a 1845 cewa idan lambar mara rabuwa ce, to lalle akwai. Ludwig Sylow, malamin sakandare a garin Frederikshald na Norwe, ya ƙara a 1872 cewa haka abin yake ga ninkin lamba mara rabuwa da kanta, kamar 8 a cikin 24 ko 9 a cikin 72. Hujjojin waɗannan ƙa'idoji da ake koyarwa yau, ƙidayar sahu ce ƙashin bayansu.

Jamusawa ne suka ƙarasa ginin. Walther von Dyck da Heinrich Weber sun rubuta ma'anar rukuni tsantsa a 1882. A 1889 Otto Hölder ya fayyace abin da ke kwance a aikin Galois: idan ƙaramin rukuni daidaitacce ne, sahu-sahunsa su ma rukuni ne, ana haɗa sahu da sahu a sami sahu. Mai ƙirga ranakun mako yana yin haka bai sani ba, domin kwana uku bayan kowace Juma'a Litinin ce, ko wace Juma'a aka ɗauka. Jordan da Hölder suka tabbatar cewa ta kowace hanya aka farfasa rukuni mai iyaka, dunƙulallun rukunonin da za a tarar a ƙarshe ba sa sauyawa. Sunan koset kuwa G. A. Miller na Jami'ar Illinois a Amurka ne ya kawo shi a 1910, lokacin da dabarar ta riga ta tsufa a aiki.

Sakamakon Jordan da Hölder ya haifar da aiki mafi girma a wannan fanni, wato lissafo dukkan dunƙulallun rukunoni masu iyaka. A 1963 Walter Feit da John Thompson suka nuna, a takarda mai shafi 255, cewa duk rukunin da yawan mambobinsa mara ne, wato 2 ba ta raba shi, yana sauka tsanin Galois har ƙasa. Masana fiye da ɗari suka yi ta ɗorawa, aka tara dubban shafuka, ba a toshe babban giɓin da ya rage ba sai 2004, da aikin Michael Aschbacher da Stephen Smith.

Sahu a cikin na'ura

A 1936 J. A. Todd da H. S. M. Coxeter suka tsara hanyar ƙirga sahu mataki-mataki da fensir da takarda. Da kwamfuta ta zo, tana cikin hanyoyin farko na wannan fanni da aka ɗora mata, kuma har yanzu tana cikin manhajojin aljabra irin su GAP da Magma.

A fagen sadarwa, David Slepian na ɗakin bincike na Bell a Amurka ya nuna a 1956 yadda sahu ke gyara saƙon da ya lalace a hanya. Ana zaɓar halattattun saƙonni su zama ƙaramin rukuni a cikin dukkan jerin 0 da 1 masu wani tsawo. In saƙo ya iso ba ya cikin halattattu, to ya faɗa wani sahu, kuma sahun ba ya dogara da abin da aka aiko, kuskuren da ya auku ne kaɗai ke tantance shi. Sai na'ura ta duba mamba mafi ƙarancin 1 a wannan sahu, ta ɗauka shi ne kuskuren, ta cire shi.

Misalin da ya fi fito da ƙarfin dabarar abin wasa ne, wato ɗan akwatin nan mai launi shida da Ernő Rubik ya ƙera a Budapest a 1974. Juye-juyensa rukuni ne mai mamba 43,252,003,274,489,856,000. A 1981 Morwen Thistlethwaite ya bi tsanin ƙananan rukunoni ya nuna cewa juyi 52 sun isa a gyara shi daga kowane hali. Amma mene ne mafi ƙaranci? Babu kwamfutar da za ta iya bin wannan adadi ɗaya bayan ɗaya. A 2010 Tomas Rokicki, Herbert Kociemba, Morley Davidson da John Dethridge suka ɗauki wani ƙaramin rukuni mai mamba 19,508,428,800, suka raba babban rukunin sahu 2,217,093,120. Da yake sahu da yawa hoton juna ne in an juya akwatin ko an dube shi a madubi, sai suka rage waɗanda za a bincika zuwa 55,882,296. Manhajarsu tana gama sahu guda cikin kusan daƙiƙa 20, kamfanin Google kuma ya ba su aron kwamfutocinsa, aikin da zai ci kwamfuta ɗaya kimanin shekara 35. A watan Yulin 2010 suka kai ga sakamako: duk yadda aka hargitsa akwatin, juyi 20 sun isa a gyara shi, kuma akwai halin da ba ya gyaruwa da ƙasa da haka.